Wa Ya Raɗa Wa Guba Suna Magani?

A Hausa, magani ba ƙaramar kalma ba ce. Shi ake nema idan ciwo ya kwantar da mutum, shi ake aika yaro ya sayo da gudu, shi uwa ke ɗura wa jariri tana lallashi. Duk abin da aka kira magani, zuciya ta riga ta amince da shi tun kafin a buɗe murfinsa. To amma shiga kasuwar Rano ko ta Kibiya gab da faɗuwar damina, ka tsaya gaban teburin masu kayan gona. Kwalaben da ke jere a wurin, har da waɗanda aka zana ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a jikinsu, duk sunansu magani: maganin ciyawa, maganin ƙwari, maganin feshi, maganin wake. Wanda ya ƙera su ya rubuta guba da Turanci, mai sayarwa ya fassara wa manomi da magani. Tun daga wannan suna ɓarnar ta fara, domin babu mai sa safar hannu don zai taɓa magani, babu kuma mai jin tsoron ɗauraye kwalbar magani ya zuba man gyaɗa a ciki.

Mu da muke wannan magana 'ya'yan manoman wannan yanki ne da karatu ya kai mu ga aikin rubuta manhajar kwamfuta. Abin da muke cewa a fili yake: ana zuba guba a ƙasar Rano da Kibiya, a gona da ruwa da rumbu da jikin mutane, damina da rani, kuma waɗanda alhakin ƙirga ɓarnar ya rataya a wuyansu sun bar ta ba lissafi. Manomi shi ne na ƙarshe a jerin masu laifi. A gabansa akwai kamfanin da ya ƙera, da ɗan kasuwar da ya shigo da ita, da hukumar da ta ba da lasisi ta koma ofis, da ɗan siyasar da ke raba injin feshi a matsayin tallafi ba tare da takunkumi ko takalmin roba ko guda ba.

Sai an san hanyar ruwan yankin nan kafin a gane girman abin. An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma an gina ta ne da ƙarfin riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Daga can ruwan yake biyo babban kanal ya ratso ƙasar Rano, ya wuce zuwa filayen noman rani na Bunkure da Kura da Garun Malam, ƙarƙashin kulawar hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. Ruwan da ya rage bayan an shayar da shinkafa da tumatir da albasa ba ɓacewa yake yi ba, kwaranya yake ya koma Kogin Kano. A bakin wannan kogi matatar Tamburawa take, inda ake tace ruwan da birnin Kano ke sha. Daga nan ya haɗe da Challawa, wadda ta riga ta kwaso dagwalon masana'antun jima, su zama Kogin Haɗeja, ya gangara dausayin Haɗeja da Nguru, ya nufi Tafkin Chadi. Saboda haka yaron da ya ɗauraye injin feshi a kanal a Rano ya aika saƙo ne ga mai shan shayi a Fagge da masunci a Nguru. Kibiya kuwa, da yawancin nomanta na damina ne, ruwan sama ne ke yi mata wannan aike: ya wanke gona, ya zuba a rafi da kududdufin da dabbobi ke sha, ya tsuma ya shiga rijiya.

Me ke cikin kwalaben? Akwai farakwat, mai ƙone ciyawa cikin yini guda. Kurɓi ɗaya na iya kashe babban mutum, yana lalata huhu da ƙoda, kuma har yau ba shi da makari a kowane asibiti na duniya. Bincike da dama sun danganta yawan mu'amala da shi da ciwon makyarkyata da likitoci ke kira Parkinson. Tarayyar Turai ta daina amfani da shi tun 2007, amma shekara da shekaru bayan haka kamfanin Syngenta ya ci gaba da sarrafa shi a Ingila yana loda wa jiragen ruwa zuwa ƙasashen da ba su hana ba. Abin da ya fi ƙarfin huhun Bature, an ga ya dace da huhun ɗan Rurum. Akwai gilaifoset, wanda cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a 2015 cikin jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo sankara. Akwai kuma daikulobos, wanda kowa ya sani da sunan Sniper ko fiya-fiya. Shi da danginsa suna toshe wani sinadari da jijiyoyin jiki ke buƙata don su huta bayan sun isar da saƙo. Idan ya shiga jiki ta fata ko numfashi, sai gumi ya karyo, yawu ya yi ta zuba, ƙwayar ido ta tsuke, ga amai, ga ciwon kai, ga jiri. Duk wanda ya karanta waɗannan alamomi ya san sunan da za a ba su a ƙauye: zazzaɓi, ko shawara, ko an ce rana ce ta buge shi.

Dubi kuma yadda ake aiki da su. Matashi ne zai goya injin feshi, ƙafa ba takalmi, riga a jiƙe da abin da ke ɗiga daga murfi, ya bi kunya-kunya iska na maido masa da feshin a fuska. Idan bakin injin ya toshe, ya sa baki ya busa. Idan ya gama, ya wanke hannu sama-sama ya ci tuwo. Takardar jikin kwalbar ta faɗi komai: yawan da za a zuba a ruwa, kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a tsinki tumatir, abin da za a yi idan ya shiga ido. Sai dai da Turanci ta faɗa, da ƙananan baƙaƙen da ko mai digiri sai ya matso da ita kusa da hanci. A ƙasan takardar akwai zirin launi da ke nuna ƙarfin gubar: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Wannan ilimi ne da za a koya wa mutum cikin minti biyu. Manoma nawa ne a Tarai ko Saji aka taɓa tsayawa aka koya musu? Mutane masu ɗimbin yawa ne gubar feshi ke kamawa bisa tsautsayi kowace shekara a duniya, wasu kuma su mutu. Ba a ƙasashen da ke da safar hannu da likitan gona yawancinsu suke ba.

Labarin wake ya isa ya kunyata duk mai riƙe da muƙami a ƙasar nan. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya. Dalili shi ne daikulobos. Ƙa'idarsu ba ta yarda ya wuce miligiram 0.01 a kilo guda ba, sai suka riƙa samun daga 0.03 har zuwa 4.6, wato ninki 460 na abin da suka lamunta. Suka auna, suka ƙi, suka rufe ƙofa. Waken da suka ƙi bai koma gona ba. Irinsa ne ake aunawa a kwano a kasuwanninmu, shi ne ƙosan safe, shi ne alalen 'yan makaranta, shi ne wake da shinkafar da ake sayarwa a tasha. Aka yi ta kuka a jaridu kan asarar kuɗin ƙasashen waje, kamar cikin Bature ne kaɗai yake da darajar da za a auna masa abinci. Alhali tun 2008 an ga ɗaliban makarantar 'yan mata sama da ɗari a Doma ta jihar Gombe sun kwanta bayan cin wake, kuma a shekarar NAFDAC ta haramta wasu magungunan ƙwari guda 30. A 2019 ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni, ta kuma sanya farkon 2024 a matsayin ranar daina farakwat. Dokoki kam an yi su. Sai dai doka ba ta da ƙafa, ɗaukarta ake yi a kai ta kasuwa, kuma tambayar da ta kamata a yi wa hukuma ita ce sau nawa jami'inta ya tsaya gaban teburin mai kayan gona a Kibiya ya juya kwalba ya karanta.

Ƙasar ma tana biyan nata kason. Feshin ciyawa ba ya tambayar sunan ganye. Tare da ciyawar da ake nufi yake ƙone tafasa da lalo da gasaya, ganyayen da mata ke tsinka a bakin gona su yi kwaɗo da miya a watannin da rumbu ya yi ƙasa. Yana ƙone harkiyar da makiyayi ke sa ran shanunsa su ci a gefen burtali, idan kuwa sun ci ta da ɗanyen feshi a kai, sai abin ya koma rigima tsakaninsa da mai gona. Feshin ƙwari ba ya bambanta tsutsa da ƙudan zuma, kuma duk mai amya ya san abin da ke biyo baya idan an fesa gona lokacin da take fure. Kwaɗo numfashi yake da fatarsa, don haka yana cikin masu fara mutuwa a ruwan da ya gurɓace, shi da ke cin ƙwari dare da rana ba a biyansa. Takin zamanin da ya wuce buƙatar shuka shi ma ruwa ke kwashe shi, ya ciyar da ciyayin ruwa. Mutanen Haɗeja da Nguru sun san kachala, wadda ta toshe musu hanyoyin ruwa da gonaki tun da madatsu suka sauya yadda kogin ke cika da janyewa, kuma ruwa mai taki abinci ne a wurinta.

Abin takaicin shi ne gubar ba ta ma cika alƙawarinta. Duk feshi yana barin 'yan ƙwarin da suka fi juriya, su hayayyafa, jikokinsu su taso ba sa jin kwalbar bara. A lokaci guda an kashe gizo-gizo da zanzaro da sauran masu farautarsu. A 2016, da tsutsar tumatir ɗin nan da manoma suka laƙaba wa Sharon ta afka wa filayen Kadawa da Kura, an yi ta feshi ba ƙaƙƙautawa, wasu har suna gauraya kwalba biyu da uku, amma gonaki suka ƙone, masana'antar tumatir ta Dangote ta tsaya don rashin abin sarrafawa. Wanda bai yi asara a shekarar ba shi ne mai sayar da kwalba.

A sana'armu, matsalar da aka fi tsoro ita ce wadda ke faruwa shiru. Manhajar da ta tsaya cak ta nuna jan rubutu, da sauƙi, za a taru a kanta a gyara. Wadda ke ɓata lissafi kaɗan-kaɗan tana nuna komai lafiya, ita ce ke rusa banki. Shi ya sa duk tsarin kirki yake da kundin da yake rubuta kowace tangarɗa da lokacinta. Gubar feshi irin wannan matsala ce, kuma an bar ta ba kundi. Manomi ya zo asibiti da amai da jiri, a rubuta zazzaɓi, a ba shi ƙwaya, ya koma gona. Mace ta yi ɓari, a ce rabo ne bai tsaya ba. Dattijo ya kumbura a kai shi wankin ƙoda a birni, a sayar da gona, ba wanda ya tambaye shi shekara nawa ya yi yana goyon injin feshi. Daga baya jami'i ya miƙe a taro ya ce babu hujjar da ke nuna akwai matsala. Ina hujja za ta fito a inda ba a taɓa buɗe littafin rubuta ta ba?

Mun ga ƙarshen irin wannan shiru a Zamfara. A 2010, sai da ƙananan kaburbura suka yi yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum kafin likitocin MSF su gano gubar dalma ce daga dutsen zinaren da ake daka wa a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu, da yawa kuma an fara ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Can ƙasan koginmu, a Gashuwa, ciwon ƙoda ya yi yawan da har gwamnatin Yobe ta sa a yi bincike, kuma ruwan sha da sinadaran gona suna cikin abubuwan da ake dubawa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an san abin da ake yi wa naka.

Akwai masu cewa wannan duk maganar 'yan boko ce da ba su san kuɗin ƙwadago ba. Hujjarsu tana da nauyi, kuma ba za mu raina ta ba. Matasa sun tafi birni, 'yan ƙwadagon da suka rage sun yi tsada, kwalba ɗaya tana yin aikin da mutum biyar za su yini suna yi da fartanya. Wake kuwa idan ba a kare shi ba, cikin 'yan watanni ƙwari sun mai da shi gari. Yunwa ta yau ce, ciwon ƙoda na shekara goma ne masu zuwa, kuma mai iyali da ta yau yake fara ji. Duk gaskiya ne. Sai dai lissafin ya tsaya a rabi. Arhar kwalbar ta samu ne domin an cire kuɗin asibiti, da kifin da ya ƙare, da zumar da ba a ɗiba ba, an ɗora wa wasu su biya daga baya. Kuma babu wanda ya ce a daina feshi gobe da safe. Siri Lanka ta gwada haka a 2021, ta hana takin zamani da magungunan gona dare ɗaya, noman shinkafa ya faɗi, ta janye kafin shekara ta ƙare. Amma ita wannan ƙasa ta riga ta nuna hanyar da ke aiki. Daga 1995 ta riƙa zare mafi haɗarin gubobin ɗaya bayan ɗaya, har da farakwat, tana barin masu sauƙi. Kisan kai ta hanyar shan guba ya ragu ƙwarai, masu bincike sun ƙiyasta an tsirar da rai kusan 93,000 cikin shekara 20, amfanin gona kuma bai ragu ba. A batun wake ma akwai mafita a hannu: buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke toshe iska ƙwari su mutu ba tare da ɗigon guba ba. A nan Kano ake ƙera shi. Da kuɗin da ake sayen injinan feshi na rabon siyasa an sayi irin wannan buhu, da an ga bambanci a kwanon ƙosai.

Akwai kuma masu rufe zancen da ƙaddara. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba mu taɓa jin malamin da ya halatta wa mutum ya zuba guba a rijiyar maƙwabcinsa ya ce Allah ne ya kawo ba. Addininmu ya hana mutum cutar da kansa, ya hana shi cutar da wani, ya kuma tsananta a kan ɓata ruwan da jama'a ke amfani da shi. Wanda ya wanke injin feshi a kanal, da wanda ya yayyafa fiya-fiya a waken da zai kai kasuwa jibi, suna cikin wannan hukunci. Muna jiran ranar da za a ji haka daga kan mumbarin Juma'a a Rano da Kibiya, da irin zafin da ake yin wa'azin tauye mudu.

Hujja ta ƙarshe ita ce wadda hukumomi suka fi so: babu kuɗi, babu kayan aiki. Jihar Kano da kanta ta ƙaryata wannan. Lokacin yaƙi da shan inna, tun daga 2011 ake ɗibar ruwan kwatami a birnin Kano a kai a kai ana kai shi ɗakin gwaji don neman ƙwayar cutar. An zana taswirar ƙauyuka da rugage, an ba masu rigakafi wayoyin da ke nuna duk lungun da suka taka. Yaro na ƙarshe da nau'in cutar na asali ya kama a jihar, a Sumaila aka same shi a Yulin 2014, nan kusa da mu, kuma an san da shi ne domin akwai masu nema. A 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da nau'in cutar na asali. Gwamnatin da ta iya auna ruwan kwata don ƙwayar da ido ba ya gani, ba za ta ce auna ruwan kanal ya gagare ta ba. Niyya ce ta bambanta, da kuma cewa a wancan karon akwai masu kuɗi daga waje da ke tambayar sakamako.

Don haka buƙatunmu ba na sama ba ne. Ma'aikatar lafiya ta sa a riƙa tambayar duk wanda ya zo asibiti a yankin noma da amai da jiri ko ya yi feshi a kwanakin nan, a kuma shigar da amsar a rumbun bayanan DHIS2 da asibitocin gwamnati suka riga suke aika rahoto a kansa. Wannan ƙarin layi ɗaya ne a fom, aikin da ɗalibin kwamfuta zai gama kafin azahar. A tabbatar akwai allurar atirofin, makarin dangin fiya-fiya, a asibitocin Rano da Kibiya da ma'aikacin da ya san lokacin yin ta. Hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ta haɗa kai da Jami'ar Bayero ko ta Wudil a riƙa auna ruwan kanal da na rijiyoyi sau biyu a shekara, a liƙa sakamakon da Hausa a ƙofar hakimi, a karanta a rediyo. NAFDAC ta wajabta rubuta gargaɗi da Hausa, boko da ajami, a jikin kowace kwalba. Tun 2010 take da tsarin kankare lamba a aika saƙon waya don gane jabun maganin zazzaɓi, babu abin da ya hana a yi wa kwalbar feshi haka. KNARDA ta maido da malaman gona bakin kunya. Dillalai su riƙa karɓar kwalaben da aka gama da su, a ba manomi ɗan ragi a kan kowace, don kada ta ƙare a kicin. Masarautar Rano kuma, wadda maganarta ke isa inda takardar gwamnati ba ta zuwa, ta sa dagatai da masu unguwanni su hana wanke injin feshi a ruwan jama'a da sa yara aikin feshi.

A tarihin Hausa Bakwai, Rano da Kano su ake kira sarakunan baba. Mutanen da suka yi suna a rini sun san cewa abin da aka tsoma a karofi ba ya fitowa da launinsa na da. Ƙasa da ruwa da jikin ɗan Adam haka suke da abin da ake zuba musu kullum. Kafin hukuma ta motsa, akwai gyaran da ba ya cin ko kwabo, kuma yana hannun mai gabatar da shirin noma a rediyo, da malamin firamare, da liman, da mai tebur a kasuwa. A daina cewa maganin ciyawa, a ce gubar ciyawa. A daina cewa maganin wake, a ce gubar ƙwarin wake. Uwar da ta ji an ce guba ba za ta ajiye kwalbar kusa da tulu ba, kuma ba za ta bari ɗanta ya sa baki ya busa bakin injin ba.